Ƙafar Baba ta Hagu

Assalamu alaikum. Fiye da shekara guda ke nan ina cewa zan rubuta wannan labari, kullum sai in buɗe kwamfuta in rufe. Abin da ya zaunar da ni yau wata baiwar Allah ce da muka haɗu a wajen suna, tana ba mu labari cikin dariya wai mahaifiyarta ba ta jin zafin ruwa, ko tafasasshe ne sai ta tsoma ƙafa. Saura kaɗan kofi ya faɗi daga hannuna. Na ja ta gefe na yi ta yi mata magana har ta fara kallona kamar mai taɓin hankali. Saboda ita da irinta nake wannan rubutu. Duk mai tsoho a gida da ke da ciwon suga ya daure ya karanta har ƙarshe.

Sunana Jummai. A Manchester nake zaune, ina aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na ɗaya daga cikin jami'o'in Oxford Road. Yayana Nura injiniya ne, yana Lozells a Birmingham da matarsa Hafsat da 'ya'yansu. Sunan mahaifinmu Malam Inuwa, amma a garinmu idan ka ce Malam Inuwa sai an tsaya tunani. Ka ce Bahago, ko Koci, nan take za a nuna maka gida.

Yana cikin ɗaliban farko da suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa a kwalejin horon malamai ta lardinmu, zamanin da su da kansu suka share filin, suka saro itace suka kafa sandunan gola. Shekara biyu ya yi yana bugawa ba takalmi. Da aka kawo musu takalma sai ya ce na hagu yana hana shi jin ƙwallo, ya riƙa sa na dama kaɗai, har sai da malaminsu ya ce ko ya sa biyu ko ya zauna a benci. Da ƙafar hagun nan ya yi suna. Bayan ya gama karatu ya dawo kwalejin a matsayin malamin motsa jiki, ya horar da ƙungiyar shekara talatin da 'yan kai. Mu dai mun tashi gidanmu kullum warin man zafi yake yi, tsakar gida cike da ƙarti masu ɗingishi.

Magani ɗaya Baba ya sani a duniya, ruwan zafi da gishiri. Targaɗe, a gasa. Kumburi, a gasa. Ina jin ko jarrabawa ka faɗi, baho zai sa a kawo maka. Kuma yana da wata ƙa'ida da yake tinƙaho da ita: ba ya sa ƙafar ɗan wasa a ruwa sai ya fara tsoma tasa. "Idan tawa ta ɗauka, taka ma za ta ɗauka," haka yake cewa, sai ka ga ƙato yana hawaye Baba na danne da gwiwarsa. Ba a taɓa jin ya ƙona kowa ba. Ƙafarsa ce ma'auninsa, kuma tsawon shekarun nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Bayan rasuwar Mama, Nura ya ɗauko shi, aka yi masa takardu, aka yi masa rajista da GP, wato likitan unguwa, a Lozells saboda sugansa. Da farko bai takura ba, don akwai wani filin wasa na council, wato ƙaramar hukuma, kusa da gida inda yake zuwa duk Asabar ya tsaya a gefe yana yi wa 'yan wasan da bai sani ba tsawa. Sai aka shiga shekarun nan da komai ka tambaya a ce babu kuɗi. Aka rufe filin, aka sa masa kwaɗo. Baba ya koma zaman falo yana musu da talabijin. Ni kuwa, da iyayina, na ce a ba ni shi ya yi hunturu a wajena, flat ɗin da nake zaune a hawan ƙasa yake kuma ya fi ɗumi.

Satinsa na farko a Manchester ya fara cewa ƙafafunsa na yi masa sanyi, wai kamar ba nasa ba. Na sayo masa safa masu kauri, na haɗa masa da huffi, na ce ya riƙa shafa a kai idan zai yi alwala. Ya ji daɗi, ya sa mini albarka. Sannan ya ce abin da ya rage shi ne gashi.

Haka muka fara. Idan na dawo aiki sai in dafa ruwa a butar lantarki, in juye a baho, in zuba gishiri, in surka da na sanyi, in ajiye masa a ƙofar ɗaki. Ya ja ya rufe ƙofa. Washegari ya ce ruwan jiya na wankan jarirai ne. Na rage na sanyi. Jibi ya ce bai ji komai ba. Na ƙara ragewa. Wata rana na sa yatsa na fizge da sauri, ya yi dariya ya ce, "'Yan Ingila ke nan, fata kamar takarda." Kafin a yi sati uku na daina surkawa gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne har waya na yi wa Nura ina fariya, ina cewa tsohon nan fa har yau da ƙarfinsa, tafasasshen ruwa ba ya ce masa komai.

Za ku ce ban ga ƙafar ba ne? Ban gani ba. Ni 'yarsa ce mace, tunda nake ban taɓa zama na ƙura wa ƙafar mahaifina ido ba. A ɗaki yake cire safa, a ɗaki yake mayarwa. Ko a wanki ba ta zuwa hannuna, don tun yana kwaleji doka ce a wajensa ɗan wasa shi ke wanke safarsa. Ɗingishi kuwa ba ya yi, tunda ba ya jin ciwo.

Wata Lahadi da hantsi na ji ya kira ni.

"Jummai, ara mini almakashi."

"Na me, Baba?"

"Safa ce ta kama ni."

Na yi sallama na shiga. Wari ne ya fara tarbata, irin na naman da aka manta a leda. Safar hagu ta manne da tafin ƙafarsa. Na durƙusa na yanka ta a hankali. Fatar ta yi fari ta saɓule, ƙarƙashin yatsu kuma ga gyambo mai faɗin gindin kofin shayi. Shi kuwa yana leƙo shi kamar a jikin wani yake.

"Tun yaushe, Baba?"

"Kwana goma, ko sha biyu. Ba ya ciwo. Da abin tsoro ne ai da ya yi ciwo. Gashin ne bai kama shi ba tukuna."

Ashe tunda ya ga gyambon sai ya ƙara tsawon zaman da yake yi a cikin ruwan.

Na kira tasi muka tafi ɗakin gaggawa na asibiti. Muka zauna a kan kujerun roba tun kafin azahar har bayan magariba, ga masu tari, ga wani bugagge yana waƙa, ga wata tsohuwa a kan gadon da ake turawa a lungu ba wanda ya kula ta. Baba ya yi sallolinsa a zaune. Sau uku ina zuwa wajen mai karɓar suna, sau uku tana ce mini suna sane da mu. A ƙarshe wata likita yarinya ta kira mu, idonta ya yi ja don gajiya, amma Allah ya saka mata, ba ta yi mana gaggawa ba. Ta ɗauko wani siririn tsinke na roba, ta ce Baba ya rufe ido, duk lokacin da ya ji ta taɓa shi ya ce ya ji. Ya rufe. Ina kallo ta taɓa babban yatsa, ta taɓa tafi, ta taɓa dunduniya, ta koma ɗaya ƙafar. Ta taɓa ya fi sau goma. Can sai Baba ya ce mata, da Turancinsa na malaman da, ta fara mana, shi a shirye yake.

Likitar ta faɗi wata kalma da har yau ba ta fita daga kunnena ba, neuropathy. Ta ce suga ya cinye jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙafa zuwa kai, ko a wuta ya taka ba zai sani ba. Sannan ta tambaya wa ke haɗa masa ruwan. Na ce ni ce. Ta dai rubuta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka wanke gyambon, aka naɗe, aka ba mu ƙwayoyi, aka ce za a tura sunansa asibitin masu duba ƙafa, GP ɗinsa zai ji. To a nan muka faɗa rami. GP ɗinsa yana Birmingham, shi yana Manchester. Na je nawa GP ɗin, aka ce sai an yi masa rajistar baƙo, a cike takarda, a jira. Na kira na Lozells, na riƙe waya ina jin kiɗa har na ƙosa, aka ce ba za su tura nas wani gari ba. Kowa da fara'arsa, kowa da ba da haƙuri, amma ba mai cewa kawo shi. Kwana tara muka yi a haka, ni ke canja bandeji ina kau da kai, shi kuma yana kallon silin don kunya. Da na ga ja ya fara hawa bayan ƙafar na ce wa Nura ya zo ya ɗauke shi.

Ranar da muka isa Lozells, ina neman inda zan ajiye jaka a bakin ƙofa, na ture tarin takardun tallan abinci. A ƙarƙashinsu na ga wasiƙa da sunan Baba, ba a buɗe ba. Ta kiran duba ƙafa ce, wanda ake yi wa masu suga duk shekara. Sau biyu suna ɗagawa a bara saboda ƙarancin ma'aikata, wannan ce ta uku, kuma ranar da suka sa ta wuce da sati biyar. Wato daidai lokacin da na fara dafa ruwa.

Na sami Nura a kicin na jefa masa.

"Yaya, wannan fa?"

"Jummai, calm down mana. Na ɗauka routine appointment ne, kuma yana wajenki."

"Routine? Ko buɗewa ba ka yi ba!"

"Ni ban buɗe letter ba. Ke kuma me kika yi?"

Bai ƙarasa ba, ba sai ya ƙarasa ba. Hafsat ce ta shiga tsakani ta ce mu ji tsoron Allah, tsoho yana falo yana jinmu. Kwana huɗu ba mu yi wa juna magana ba sai ta bakinta.

Sati na uku da na huɗu bayan zuwanmu asibiti, a gidan Nura aka yi jinya. Dole in yaba wa Hafsat a nan. Suruka ce, kunyar da ke tsakaninta da Baba ta fi tawa, amma ita ke auna sugansa, ita ke dafa masa abinci daban, ita ke wanke zanin gado kullum. Akwai kuma nas mai zagaya gidaje, wata dattijuwa baƙar fata mai yawan raha, wadda aka ce za ta riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu, amma wani lokaci sai kwana huɗu, don su kaɗan suka rage a unguwar. Na taɓa leƙawa ta taga na gan ta tana cin burodi a mota, waya a kunne. Ban iya jin haushinta ba. Ni kuma ina tsakanin gari biyu, in fita aiki Juma'a in kama jirgin ƙasa, in koma Litinin da asuba. Hutuna na shekara ya ƙare tun kafin bazara ta shigo.

Shawara kuwa ba mu rasa ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, kullum tana kan waya daga gida: a shafa zuma, a sha habbatus sauda, a nemo man kaɗanya, a dawo da shi akwai wani mai magani da ya warkar da gyambon wani direba. Wani abokin Nura ya kawo garin da ko sunansa bai sani ba. Baba da kansa ya ce da za mu bar shi ya yi gashi na kwana uku a jere da an wuce wajen. Na ɓoye butar lantarki a cikin kabad kamar mai ɓoye wa yaro ashana.

A sati na biyar nas ɗin ta buɗe bandeji ta nuna mana. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ba ta bar gidan ba sai da motar asibiti ta zo. Aka kwantar da shi, aka ɗaura masa ruwa da magani ta jijiya, aka ce yatsun nan biyu sai an cire. Mun yi zaton za a sha daga, sai ga shi ya karɓi biro yana wasa da likita, wai ba da su yake buga ƙwallo ba dama. Aka yi aiki lafiya. Kwana biyu yana raha, yana koya wa wani Bature na gadon kusa yadda ake bugun kusurwa. A rana ta uku na same shi ya juya fuska bango. Na gaishe shi ya amsa da ƙyar. Na ɗauka zafin aiki ne.

Ciwon bai tsaya ba. A sati na bakwai babban likitan tiyata ya tara mu, ya ce jini ba ya isa ƙafar sosai, ƙwayar cutar kuma ta shiga ƙashi. Ya ce ƙafar ba za ta tsira ba, abin da ake ƙoƙarin ceta yanzu gwiwa ce. Idan aka yanke ƙasa da gwiwa, Baba zai iya tafiya da ƙafar roba, har ya hau bas shi kaɗai. Idan aka wuce gwiwa, a shekarunsa, sai keken guragu. Ya ɗauki biro ya zana layi a ƙaurin Baba daidai inda jan ya tsaya, ya ce mu riƙa kallon wannan layi. Sannan ya miƙa takarda.

Baba ya ce, "A'a."

Ba tsawa, ba bayani. Likita ya tambayi dalili, ya ce shi dai bai yarda ba. Suka turo wata ta gwada hankalinsa, ya faɗa mata rana da wata da sunan unguwa, ya ƙara mata da gyaran Turanci. Suka ce hankalinsa garau, ba mai ikon tilasta masa.

Kwana takwas muka yi a wannan hali, kuma ban taɓa shiga tashin hankali irinsa ba. Kullum da safe abin da nake fara yi shi ne ɗaga bargo. Jan ya wuce layi da faɗin yatsa. Su sake zana wani. Washegari ya wuce. Ƙaurin Baba ya koma kamar takardar yaro mai koyon ja layi, kowane layi ya fi na jiya kusa da gwiwa. A jirgi in zauna in yi ta auna faɗin yatsu a kan ƙaurina, ina lissafin kwana nawa suka rage.

Mu duka mun gama yanke hukunci cewa ƙwallo ce. Mutumin da duk garinsu ke kira Bahago, yaya za a yi ya ba da ƙafar hagu? A kan wannan muka yi ta fama. Nura ya riƙa nuna masa hotunan masu tsere da ƙafar ƙarfe a waya. Na yi kuka na ce sunansa ba a ƙafa yake ba. Muka sa tsofaffin ɗalibansa suka yi ta kira daga gida suna cewa ko ba ƙafa shi ne Kocinsu. Ya saurare su, ya yi musu godiya, ya miƙo waya. Gwaggo ta ce kada mu yarda a taɓa shi, washegari ta ce mu yi abin da likita ya ce, jibi ta koma maganar farko. A cikinmu duka, ni da na fi kowa baki, ba wanda ya zauna ya ce, Baba, me ya sa?

Hafsat ce ta tuna da Baba Bitrus. Shi ne golan ƙungiyarsu ta farko a kwaleji, mutumin Filato ne, yana zaune a unguwar Ladywood a Birmingham wajen 'yarsa. Ta kira shi ranar Alhamis, Juma'a da safe sai ga shi da sandarsa, ya hau bas biyu.

"Bahago, ka rame."

"Kai kuma ka ƙara tumbi, Gola. Yanzu ka cika raga, ba sai ka yi tsalle ba."

Rabon da in ji muryar Baba haka tun ranar da ya juya fuska bango. Suka taɓa hirar da, wane ya mutu, wane ya makance. Sai Baba Bitrus ya jawo kujera ya matso.

"Yaran nan sun ce wai ƙwallo ce ta hana ka sa hannu. Na ce musu ƙarya ne, rabonka da buga abin kirki tun ba a haife su ba. Mene ne, Inuwa?"

Baba ya ɗago ya dube ni. Na gane, na fita na ja labule, amma ban yi nisa ba. Allah ya yafe mini, na tsaya na saurara.

"Na tambayi yarinyar da ke canja mini bandeji ina suka kai yatsuna," in ji Baba. "Ta ce ƙonawa suke yi. Tare da auduga da tsummoki, Bitrus, a cikin leda. Yatsu biyu na ba wuta ban sani ba. Yanzu kuma in ɗauki biro da hannuna in ba ta ƙafa? Shekara sittin ina tsayawa sallah a kanta."

"To me ya hana ka gaya wa yaranka?"

"Sun tambaye ni ne? Kuma da wane baki zan ce wa 'yata ta je ta nema wa ƙafata kabari?"

Ban san lokacin da na isa teburin nas-nas ba. Na tambayi babbarsu ko ana iya ba mutum ƙafarsa a binne. Ta dube ni kamar na tambayi hanyar banɗaki. Ta ce ana yi mana, ba yau aka fara ba, akwai takardar da ake cikewa, limamin asibiti ya san komai. Ta ce ai da mun faɗa. Wannan "da kun faɗa" ta fi mini ciwo a kan duk abin da na ji a jinyar nan.

Liman ya zo bayan sallar Juma'a, wani bawan Allah mai sanyin magana, ya tabbatar wa Baba za a naɗe ta a farin ƙyalle a binne a maƙabartar Musulmi. Baba ya ce ya ji, ya gode, amma sai ya ga takarda da hatimi, don wancan karon ma ba wanda ya gaya masa gaskiya sai da ya tambaya. Na ruga ofishin da ke sa hannu. Mutum ɗaya ya rage a ofishin, kuma ranar Juma'a rabin wuni yake yi. Na tsaya ina buga ƙofar da na san ba kowa a ciki. Na dawo na roƙi Baba, Nura ya roƙe shi, Baba Bitrus ya ce shi ne shaida. Baba ya ce Litinin ba nisa.

Asabar zazzaɓi ya rufe shi. Lahadi da na ɗaga bargo, jan ya hau kan gwiwa.

Litinin da hantsi takarda ta zo, ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu. Likitan tiyata ya duba ƙafar, ya kira mu waje, ya ce ya yi baƙin ciki, gwiwar ta tafi. Aka shiga da shi da la'asar, aka yanke sama da gwiwa.

Alhamdu lillahi, ya rayu. Yau yana Lozells a kan keke, an mayar masa da falo ɗakin kwana, mun yi wata bakwai muna jiran council ta gyara matakalar ƙofa. An gwada masa ƙafar roba, ya yi iya ƙoƙarinsa, nauyinta ya fi ƙarfinsa. Ni da Nura mun shirya, ba wanda ya sake tayar da maganar wasiƙa ko ta ruwa. Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya, ni ce dai ban gama yafe wa kaina ba. Ina gode wa likitoci da nas-nas da suka yi aiki kamar su goma alhali su uku ne, kuma ina jin haushin duk wanda ya zauna a ofis ya mayar da su uku.

Jama'a, ku duba ƙafar tsofaffinku da idonku, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, kullum, ko za su yi fushi. Kada mai suga ya auna ruwa da ƙafarsa. Ku buɗe duk wasiƙar da ta zo. Idan kuma mara lafiya ya ce a'a, kafin ku fara yi masa wa'azi, ku tambaye shi dalili.

Abu ɗaya ya rage ban faɗa ba. Kwana uku bayan aikin aka ba Nura ƙafar. Shi da liman da Baba Bitrus suka kai ta maƙabarta a bayan gari, ni na zauna da Baba. Tunda ya zo ƙasar nan, duk shekara sai ya ce baɗi zai koma gida, kuma ya sha gaya wa Gwaggo cewa kusa da Mama za a sa shi. Da azahar Nura ya shigo, takalminsa duk laka. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"An binne?"

"An binne, Baba."

"An zurfafa?"

"An zurfafa sosai. Baba Bitrus ma sai da ya karɓi shebur."

Baba ya kalli inda bargo ya kwanta shafal a gefen hagu. Can ya ce, "Akwai fili a gefenta?"

Nura ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Akwai, Baba."

"To ka je ka kama mini shi. Ka kuma kira Gwaggonku, ka ce kada ta jira ni."

Washegari Nura ya je ya kama.